Layin da Na Ƙara a Littafin Hanya

Zuwa ga 'yata Mshai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mijinki, ya sauƙaƙa miki sanyin ƙasar can da kike ta kuka da shi. Mu nan Wundanyi lafiya lau. Ruwa ya sauka a kan tudu, masara ta yi kyau, gwiwata ma ta yi sauƙi.

Kin tuna tsohuwar motar babanki, Datsun ɗin nan, wadda kaji suke ƙwai a cikinta? Shekara biyu yayanki Mwakio yana gyaranta. Ya walda mata ƙarafuna a ciki kamar keji, ya ɗaga ƙafafunta, ya shigar da ita tseren tsofaffin motoci. Shi ke tuƙi, matarsa Wakesho na gefensa da littafin hanya tana karanta masa kowace kwana da kowane rami, shi kuma ba ya musu, abin da ta faɗa shi yake yi. Na ce masa a gida ma da haka yake da mun huta. Amma Mshai, tun da aka sa ranar tseren abinci ya daina shiga mini. Ɗa da suruka a mota ɗaya, motar kuma ta girme su duka!

Ana gobe za su bi ta wajenmu, Wakesho ta bar littafin a kan tebur. Na bi shi da yatsa a hankali, yadda aka koya mana a ajin manya na coci, har na kai mashigar ƙoramar gangaren kasuwa. An rubuta wai a bi dama. Wanda ya rubuta da rani ya zo. Bai san masu ɗiban yashi sun haƙe wurin ba, ruwa kuma ya rufe ramin. Na gaya wa Mwakio, ya yi dariya, wai tsohuwa ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba, in bar wa masana. Sai na ɗauki biro. Kafin in gama layi ɗaya shayina ya huce. Na rubuta su bi hagu ta gindin ɓaure, dama rami ne, na sa hannu a ƙasa, na rubuta Mama.

Washegari na tsaya a kan tudu da mutanen gari, ina murɗa bakin zanena. Motoci uku suka bi dama suka nutse har ƙofa, samari suna ta jan su da igiya. Sai ga tamu da ƙararta. Na rufe ido. Ihun mutane ne ya sa na buɗe, na gan ta ta haye ta hagu tana zubar da ruwa! Wakesho ta ce a wannan gudun ba ta tunani, baki kawai ke aiki, ta karanta layina har da Mama, shi kuma ya karya sitiyari kafin ya tambaya wace Mama.

Sun gama tseren lafiya, sun zo na goma sha tara. Jiya Mwakio ya zo yana sosa ƙeya, wai baɗi ni zan fara duba littafin. Na yarda. Bai sani ba, a kowane shafi zan rubuta cewa a rage gudu.

Ki gaishe da mijinki Mghanga da jikata Malemba. Gwaggonki Mkamburi tana gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Wughanga