Motar da Ba Ta Tafiya Sai Lukuti Na Ciki

Daga: Mai Ƙwai,
Gidan kaji na bayan tashar mota.
Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Makanikai,
Ofishin ƙungiya, layin gareji.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ROƘON A ƊAGE DOKAR ƘUNGIYA A KAN A-KORI-KURATA, DON CETON SANA'ATA DA LAFIYAR WANI ƊAN ƘUNGIYARKU

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Yallaɓai da iyalinsa da 'yan kwamitinsa suna lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni mai kiwon kaji ne. Kullum da safe nakan kai ƙwai wani gidan burodi, kuma da wannan cinikin kaɗai nake riƙe da gidana. Mai gidan burodin ya rantse cewa in na ƙara makara ko sau ɗaya, zai ba wani. Ba mutumin da yake rantsuwa don wasa ba ne. Abin da ke makarar da ni kuwa ga shi kamar haka:

1. A watan Janairun bana na sayi wata tsohuwar a-kori-kura ta hannu. Dillalin ya tabbatar mini cewa wani dattijo ne yake hawanta, shi ma sai in zai je asibiti. Yanzu na gane abin da yake kai shi asibitin. Ranar da na kawo ta, a ƙofar gida ta mutu, a gaban maƙwabtan da suka fito taya ni murna. Su suka tura ta ciki, suna haki suna yi mini Allah ya sanya alheri.

2. Na kai ta wurin ɗan ƙungiyarku, wanda aka fi sani da Lukuti saboda girman jikin da Allah ya ba shi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ya canja batir, ya canja filogi, ya liƙe lagireto, ya wanke kabureta, ya sake wanke shi har ya fi tukwanen gidana tsafta. Duk gyaran da aka gama, yakan shiga gaba ya zauna kusa da ni mu zaga gwaji, mota ta yi ta gudu kamar yau aka ƙera ta. Ina sauke shi a gareji, ramin farko da na faɗa sai ta yi tari ta ɗauke. In kira shi, ya zo a babur, ya shiga ya zauna, ya miƙa hannu ya murɗa makulli, ta tashi. Sai ya dube ni irin duban da ake yi wa maƙaryaci, ya ce hannuna ne ba shi da daɗi.

3. Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce motar nan ba batir take so ba, Lukuti take so. Na yi mata dariya, daga baya na leƙa ƙarƙashin kujerar fasinja. Ranka ya daɗe, akwai wata waya a wurin da shi da kansa ya haɗa da salatif tun gyaran farko, kuma ba ta haɗuwa sosai sai nauyinsa ya danne ta. Na gwada gyara ta da kaina, sai ham ɗin motar ya kama kuka ya ƙi yin shiru, kajina suka yi fushi suka daina ƙwai har kusan mako. Na ɗora buhunan abincin kaji, ba ta tashi ba, domin buhu a miƙe yake zama, shi kuwa Lukuti a karkace, saboda sifanar da ba ta rabuwa da aljihunsa na baya. Har surukata na gayyato cikin ladabi na ba ta kujerar gaba. Motar ta yi gurnani kamar za ta tashi, ta fasa. Da tsohuwar ta gano dalilin gayyatar, har yau ba ta amsa gaisuwata.

4. Na sanar da Lukuti. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa gyara abin da bai lalace a gaban idonsa ba, kuma motar nan ba ta taɓa lalacewa yana ciki ba. Wallahi gaskiyarsa, abin da ke cin raina ke nan. Na zaga sauran gareji, kowa ya ɗaga hannu ya kawo mini dokar ƙungiyarku: wai ba a taɓa motar da ke hannun ɗan'uwa sai shi ya furta da bakinsa cewa ya kasa. Shi kuma ya ce gara a yanke masa harshe.

5. Saboda haka tun watan Mayu tare muke kai ƙwai. Nakan ɗauko shi da sassafe, ya karya a gidana, duk ƙwan da ya tsage a soya masa. Maiɗakina, wadda aka yi wa alkawarin kujerar gaba kafin a sayi motar, yanzu a baya take zama cikin kiret-kiret in za ta kasuwa, kuma ba ta manta ba, ba ta kuma bar ni na manta ba. In za mu shiga gargada sai na roƙe shi ya riƙe kujera da hannu biyu, domin in ya yi sama inji ya ɗauke, sai ya dawo ƙasa ya kama. Amma ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai daɗin tafiya. 'Ya'yana Kawu suke ce masa, har ƙaramar ba ta cin abinci sai a cinyarsa.

6. A watan jiya likita ya same shi da hawan jini, ya ce ko ya rage ƙiba ko ya bar wasiyya. Ya ji tsoro ya kama dokar likita. Yanzu sunan ma ya fara yi masa yawa. Yana ramewa motar tana ramewa. Ranar Talatar da ta wuce ta mutu a hawan da ke gaban gidan burodi, muka sauke kiret muka ɗauka a ka, kuma ranar ce aka yi rantsuwar da na ambata.

7. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani shekaranjiya. Ina lissafin kiret a gidan burodin, na waiga na ga Lukuti a bayan tanderu yana tura burodi da man shanu cikin sauri, kamar mai gudun a kama shi. Da na matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce ba zai bari abincin yarana ya yanke saboda shi ba. Yallaɓai, na daɗe ban ji abin da ya taɓa zuciyata haka ba, kuma na daɗe ban ji haushin mutum haka ba. Gara ya kashe kansa da burodi da ya ce ya kasa.

Don haka ina roƙon Mai girma Shugaba, cikin tawali'u, da ya ɗage wannan doka ko na yini ɗaya ne, ya turo mai gyaran waya ya ɗaga kujerar nan kafin mai gidan burodi ya cika rantsuwarsa. Ina kuma roƙon kada a rubuta ko'ina cewa Lukuti ya kasa. A ce masa shawararsa ake nema, ya tsaya a kai yana ba da umarni, don ya iya wannan ƙwarai. Ina son cinikina, amma ba na son in ci da 'ya'yana daga tumbin bawan Allah. A gyara wayar ya rame cikin kwanciyar hankali. Kujerar kuwa tasa ce duk safiyar da ya ga dama, ko ya koma kamar tsinke. Maiɗakina ma ta amince, ko da yake ba da fara'a ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba girma da lafiya, ya tsare shi daga motar hannu.

Ni ne mai biyayya,

(sa hannu)
Mai Ƙwai

Ƙarin bayani: Yallaɓai ya yi haƙuri da gumin da ya ɓata gefen takardar. Da ƙafa na kawo ta, domin kunya ba ta bar ni na ɗauko shi ya raka ni kai ƙararsa ba.