Kujerar Gaba

Dar es Salaam,
Watan Fabrairu.

Zuwa ga Yayata Aikande,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki lafiya lau, ke da maigidanki Baban Neema da yaran duka, ya kuma ƙara miki ƙarfin aikin jinyar da kike yi. Yaya sanyin Oslo? Mun ga hoton da kika turo kin ƙudundune har hanci, matata Haika ta yi ta dariya tana cewa wai wannan ce 'yar gindin Kilimanjaro mai cika baki sanyi ba ya kama ta. Mu nan lafiya, sai zafin Dar da kika sani. Haika tana fama da shagonta, 'yarmu Furaha ta shiga sakandare tana ta yi mana iyayi, tagwaye kuwa ba su bar tagar maƙwabci ko ɗaya lafiya ba. Mama tana gaishe ki. Gwiwarta ce dai har yanzu, kuma zan zo kanta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. In na kira ki a waya, ban kai tsakiyar magana kin fara dariya, daga nan kuma ki koma bayan Auta kamar yadda kika saba tun muna yara. A takarda dole ki ji ni har ƙarshe. Maganar mota ce, kuma maganar ƙaninmu Godlisten ce, Autan Mama, wanda aka bar wa gida da gonar ayaba da kofi da saniya, aka haɗa masa har da Mama kanta. Ba na musun al'ada, gida na auta ne. Amma Yaya, kishi nake yi da yaron nan, kishi sosai, kuma na gaji da yin kamar ba na yi.

Kirsimeti biyu ke nan ba ki zo ba, don haka ba ki ga abin da ya same ni a na farkon ba. Mun taso daga Dar a ƙaramar motata don mu je a ƙirga mu a gida, kamar yadda kowa ke komawa garinsu lokacin Kirsimeti. Har Himo lafiya, muka kama hawan dutse lafiya, sai da muka bar kwalta muka iso gangaren rafin nan na ƙasan coci, motar ta zauna cikin jan taɓo har ciki. Na ba ta wuta, sai feshin laka. Mutanen gari suka fito da ƙoren mbege, giyar ayabar nan, a hannu suna kallo, kowa ya zama direba. Baffa Elinaza ya leƙo ta taga ya tambaye ni wai ko a Dar ba a sayar da mota mai ƙafafu. Can sai ga Auta a tsohuwar 'yar jif ɗinsa mai ƙofa ɗaure da waya, ya ɗaura mini igiyar saniya, ya ja ni har ƙofar gida yara na bin mu da waƙa. Ko kalma ɗaya ta gori bai faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Ranar Kirsimeti Mama ta zauna a kujerar gaba ta motarsa zuwa coci, jakarta a cinya, tana ɗaga wa mutane hannu. Ni da iyalina muka bi su a ƙafa. A hanyar nan na yi wa kaina alkawari cewa shekara mai zuwa a motata Mama za ta je coci.

Shekara guda na yi ina zaɓe, ba wasa. Mota nake so mai ja da tayoyi huɗu, wadda ba ta shan mai kamar rariya, mai ɗaukar mu duka da kaya, wadda kuma in ta yi tari a garin Moshi kusa da gida za a sami kayan gyaranta a shagon farko da aka shiga. Na zaga wuraren masu sayar da motoci har masu gadi suka san sunana. Makanikena Kombo na unguwar Tabata ya raka ni, ya shiga ƙarƙashin motoci ya fito har ya ce bayansa ya fara yi masa ciwo saboda kishin da ba nasa ba. Ya hana ni wata mai kyan fenti don ruwan gishiri ya ci ƙarfenta, ya hana ni wata mai yawan na'urori, ya ce in ta lalace a kan dutse sai dai a yi mata addu'a. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wata 'yar Japan ta hannu, mai dizal, giyar hannu, inji mai sanyin murya. Haika ma ta yaba, ta ce ga wurin yara ga wurin buhun ayaba. Da na tsaya a nan, da ban rubuto miki wannan takarda ba.

Amma sai na tsaya ina kallonta a garejin Kombo, na tuna rafin nan, na tuna fuskar Baffa a taga. Na ce a ɗaga ta. A sa mata dogayen sifirin da manyan tayoyi masu haƙora. Kombo ya ce yadda take ma za ta hau ko'ina, kuma manyan tayoyi mai za su ƙara sha. Haika ta tambaye ni wai gidan Mama za mu ko yaƙi. Na ce a ɗaga. Gaskiyar magana so nake in na ajiye ta kusa da ta Auta, tasa ta koma kamar ɗan maraƙi a gindin uwarsa.

Kuma ta koma ɗin! Yaya, da kin ga shigarmu gari. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba, gangaren rafin ya zama kunu, motoci suna jere a bakin coci masu su sun haƙura. Na sa giyar ƙarfi na ratsa ta tsakiya ina gaisa da mutane ta taga. Baffa Elinaza ya cire hula. Mama ta fito da sandarta ta zaga motar a hankali, ta yayyafa mata madara, ta ɗaura ganyen masale mai alfarma a al'adarmu a madubi, ta yi addu'a Allah ya tsare ta daga hatsari da mugun ido. Auta ya shafa taya ya ce kai Yaya, wannan ai sai dajin Serengeti. Na ce a raina yaro, ka ga mota. Da na ci romon ayabar Mama a ranar, ban taɓa jin daɗinsa haka ba.

Safiyar Kirsimeti na wanke motar da hannuna, na shimfiɗa sabon zane a kujerar gaba, na kawo ta ƙofar ɗaki na buɗe. Mama ta fito cikin atamfar da kika aiko mata, ta tsaya ta dubi kujerar, wadda ta kai mata kusan ƙirji. Ta kama ƙofa ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta sauya ƙafa, ita ma ta ƙi. Na ruga na ɗauko kujerar tatsar saniya, ta nutse a laka ta karkace. Duk surukai da jikoki suna tsaye suna kallo. Sai na ce bari in ɗauke ta cak in ɗora. Wayyo, da ma ban faɗa ba. Ta juyo ta dube ni da idon nan da kika sani, ta ce ita ba nonon ayaba ba ce da za a jefa a mota, kuma ranar da 'ya'yanta maza za su ɗauke ta tana nan tafe, kada in yi mata gaggawa. Ta gyara ɗankwali ta taka zuwa 'yar jif ɗin Auta, gajeruwar nan, ta zauna abinta kamar mai zama a bakin gado. Ni na bi su a baya da mota cike da jikoki da Baffa Elinaza a kujerar gaba, a kan zanen da na shimfiɗa wa Mama, yana taunar taba yana koya mini tuƙi.

Sauran hutun kada ki tambaya. Mama ta gano amfanin motata. Ta ce tunda Allah ya kawo mai ƙarfi, a gangara ƙasa a kwaso wa saniya ciyawa. Na kwaso. Akuyar yanka ma ni na ɗauko ta, ta yi mini abin da ta ga dama a baya. Ina jin Mama tana faɗa wa matan coci cewa motar Elisante akwai cin kaya, ciyawar mako guda take ɗebowa a sawu ɗaya. Wato ni ne na ciyawa, Auta ne na Mama. Haika ta ce in daina kumbura fuska a gaban mutane, na ce ta bar ni, fuskata ce.

Ana gobe za mu dawo, da hantsi, Mama ta kira ni bayan ɗakin saniya inda take yanka ganyen ayaba. A nan ta faɗa mini abin da ita da Auta suka ɓoye mana, ni da ke. Likita ya sa ta riƙa zuwa asibiti kowane wata a yi mata allura a gwiwar. A babbar daminar da ta wuce motar Auta ta kasa gangaren rafin, ta mutu a ciki, aka yi watanni Mama ba ta ga likita ba, shi ya sa ƙafar ta koma haka. Likitan ya ce in aka sake irin wannan tsallaken, gwiwar za ta sandare, tafiya ta ƙare. Tana magana tana tsinko ganyen masale daga shinge, ta ƙulla shi, ta kamo hannuna ta sa a ciki. Sa'an nan ta ce in bar motar a gida, a rage mata tsawo, Auta ya riƙa kai ta.

Kin san wanda aka miƙa wa masale ba ya cewa a'a, balle uwa ce ta miƙa. Ko ba ganye ma, ƙafar Mama ce, me zan ce? Amma ki duba mini wannan lamari, Yaya. Shekara guda ina yawo a rana, ina shiga ƙarƙashin motoci, ina faɗa da matata, ashe Auta nake zaɓa wa mota. Na so a ce ko sau ɗaya na tuƙa ta kafin in tafi, ko zuwa bakin coci ne mu dawo. Na gangara Himo neman wanda zai sauke motar ya yi mata matakala, duk garejin a rufe, kowa ya tafi a ƙirga shi a gidansu. Hutuna ya ƙare. Na miƙa wa Auta makulli, ya karɓa da hannu biyu yana sunkuyar da kai, ya ce Allah ya saka, har idonsa ya kawo ruwa. Ko damar in ji haushinsa da hujja yaron nan ba ya ba ni. Shi ya kai mu tasha a motata, ni a kujerar gaba kamar baƙo, muka hau bas zuwa Dar tagwaye suna tambaya ina motarmu.

Makon jiya ya turo hoto. An mayar da tayoyinta na asali da Kombo ya aika, an sauke ta, mai walda ya yi mata matakala mai faɗi. Ga Mama a kujerar gaba, jaka a cinya, ganyen masalen nan har yanzu a madubi, tana murmushi har wushiryarta ta fito. Sun je asibiti sun dawo, an yi allura, ta ce ƙafar ta yi sauƙi. Na gode wa Allah, da gaske nake. Amma na daɗe ina kallon hoton, hannun da ke kan sitiyari nake kallo. Jiya kuma wani ɗan garinmu ya tare ni a kasuwar Kariakoo yana taya ni murna, wai ya ji ƙanina ya yi sabuwar mota, yaro mai albarka, ya san darajar uwa. Na ce masa haka ne, na wuce.

Ki gaishe mini da Baban Neema, ki ce ina nan ina jiran zuwansa. Ki gaishe da Neema da ƙaninta Tumaini, ki ce su dage da karatu. Haika tana gaishe ki, Furaha ta ce kada ki manta da takalmin da kika yi mata alkawari, tagwaye sun ce a gaishe da Gwaggon ƙanƙara. Baffa Elinaza ma ya ce in na rubuto in sa sunansa.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ran Lahadi in kin kira Mama kamar yadda kika saba, ki tambaye ta yadda take zuwa asibiti yanzu, kamar ba ki san komai ba. Ki kasa kunne da kyau ki ji motar wa za ta ce. In ta ce motar Elisante, ki kira ni nan take, ko ina wurin aiki zan ɗauka. In kuwa ta ce ta Auta, ki bar shi a cikinki, kada ki faɗa mini.

Ni ne ƙaninki, na tsakiya,
Elisante