Koriyar Ƙofar Yaya Dela

Lahadi, 1 ga Janairu

Na sauka Jidda da hantsi. A ofis na ce hutu zan yi, ni kaɗai, a bakin teku. Ba duka ba ne ƙarya. Tekun ya yi duhu, iska sai jijjiga tagar otal take yi. Shekara shida rabona da garin nan da aka haife ni.

Litinin, 2 ga Janairu

Ban kira Yaya Dela ba. Bari in rubuta abin yadda ya faru, tunda aikina ke nan. Kafin in bar garin nan na yi wa jaridarmu rahoto kan mutanenmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwar Sa'alaba. Na sauya sunaye, na rufe fuskoki. Ƙofa na manta. Koriyar ƙofarta ta fito a hoto, har da lambar gida. Bayan sati uku aka kama mijinta Rafi'u, aka mai da shi Kano, garin da bai taɓa gani ba. Ko hoton ne sila, ban sani ba. Ita ta yanke cewa shi ne. Maganarta ta ƙarshe: "Halas, shi ke nan, ba ni da ƙanwa."

Talata, 3 ga Janairu

An rufe makarantu. Saƙon gargaɗin ambaliya ya shigo waya sau biyu.

Laraba, 4 ga Janairu

Tun asuba ake zuba ruwa. Saleh na wajen karɓar baƙi a otal ya ce kudancin gari ya cika. Ɗakin Yaya a kwari yake, sai an sauka taki biyu ake shiga. Ga ciwon gwiwa, ga shi ita kaɗai. Na kira wayarta sau tara, a kashe. Wataƙila caji ne. Wataƙila.

Alhamis, 5 ga Janairu

Mai tasi ya ajiye ni a bakin titi, ya ce ba zai kashe motarsa ba. Na ratsa lungun, ruwa har gwiwa, takalma a hannu.

Tana raye. Na same ta tana kwasar ruwa da tukunya. Ta rame. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna.

"'Yar jarida. Kin zo ɗaukar hoto?"

Na ce a'a, Yaya.

"To ɗora ta kan firji. Yalla, maza kama min katifar nan."

Har magariba muna kwasa. Ba ta ce min sannu ba. Da ta dafa shayi dai ta tambaya, ba tare da ta juyo ba, cokali nawa nake sha yanzu.

Asabar, 7 ga Janairu

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Rafi'u ya kira daga Kano, ta fita da wayar tsakar gida. Na ji ta ce, "Tana nan."

Na kwaso kayana daga otal. Ba don komai ba, zirga-zirgar ce ta yi yawa, kuma katifun ba su bushe ba.