Watan da Likita Ta Rufe Mini Baki

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun sha kashi a garin Ponce ranar Asabar, yau na huce a kan yaran. Shekara ashirin da ɗoriya ina koya wa 'yan matan jami'ar nan ƙwallon kwando, ban taɓa samun masu tsayi da sanyin jiki irin na bana ba. Balle Keishla, sabuwar da na ɗauko daga Utuado. Doguwa kamar bishiyar kwakwa, amma da na kira sunanta sai ƙwallo ta kuɓuce mata.

Maƙogwarona yana zafi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Murya ta dishe. Wilfredo ya haɗa mini citta da zuma, yana ta dariya. "Tsohuwa, yau dai maƙwabta za su ji kukan tsuntsaye." Mijin mutum ke nan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Likita ta leƙa maƙogwaron, ta ce ƙari ne ƙanana guda biyu, tsabar ihu ce ta jawo su. Ko in yi shiru wata guda, ko a yi aiki. Har raɗa ta hana. Na nuna mata rigar ƙungiya don ta gane ana tsakiyar gasa. Ta ce, "Doña Zoraida, ai na san ki. Gidana yana bayan filinku, duk ranar wasa da ke muke cin abinci."

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wasan farko ba baki. Glorimar ce bakina, mataimakiyata, wadda na horar tun tana 'yar sha takwas. Ni in buga ƙafa in nuna da hannu, ita ta faɗa musu. Sai dai ba ta da amana wajen isar da saƙo. Na yi alamar duk zan zaunar da su a benci har su tsufa, ita kuwa ta ce, "Koci ta ce kuna ƙoƙari, ku dai riƙa komawa tsaro da wuri."

Ban ce haka ba.

Mun ci. Da ƙyar, amma mun ci.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Alƙalin wasa ya zo har benci yana tambayar ko lafiya. Wai ya yi kewar zagina.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Bayan atisaye ni da Glorimar mun zauna cin soyayyar ayaba a rumfar bakin ƙofa. Nan ta gaya mini tun watan jiya Keishla ta haɗa jakarta, tana son komawa gonar gahawar babanta. In ta bar ƙungiya karatun kyautar da take yi ya tafi, ga shi ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a.

"Tsoronki take ji, Koci. Mu ma mun ji a lokacinmu, fatarmu ce dai ta fi kauri."

Da da murya da na ba ta amsa. Gara da babu.

Asabar, 1 ga Maris

Na tsayar da Keishla bayan kowa ya tafi. Ta tsaya kamar wadda za a yanka. Na kama gwiwar hannunta na matso da ita ciki, na gyara mata tsayuwa da ƙafata, na miƙa ƙwallo. Ta jefa, ta shiga. Ta sake, ta shiga. Da ta ga ba abin da zai fito daga bakina sai nata ya buɗe. Kakarta, akuyar da ta cinye mata takalmin wasa na farko, kwandon da babanta ya ɗaura mata a jikin mangwaro. Ashe sarkin surutu ce. Da za ta tafi ta ce, "Koci, ashe kina dariya."

Juma'a, 14 ga Maris

Likita ta sake ni, amma a hankali. Wilfredo ya ce hutunsa ya ƙare. Ban gaya wa yaran ba tukuna. Ba wani dalili.

Asabar, 22 ga Maris

Wasan kusa da na ƙarshe, a Mayagüez. Fili cike, ganguna, ba ka jin na kusa da kai. Ana dab da tashi suna gabanmu da maki ɗaya, aka ture Keishla, aka ba ta jifa biyu. Na farko ya bugi ƙarfen kwando. Ta juyo tana kallon benci, kafaɗunta sun sauka. Na ji ihun ya taso mini har wuya, na haɗiye shi. Na matsa bakin layi na ce, "Keishla, gwiwar hannu."

Ban san yadda ta ji ni ba a wannan hayaniya. Ta zaro ido, ta yi dariya, ta jefa. Ta shiga. Aka yi kunnen doki, a ƙarin lokaci kuwa ba wadda ta iya tare ta.

A mota suka tasa ni gaba. Kyaftin ta ce, "Tun yaushe, Koci? Kin ha'ince mu." Na ce ta zauna kafin in tuna yadda ake yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kofin gasa ya tafi San Juan. Sun fi mu, ba gardama. An yi kuka, daga nan muka sauka bakin teku muka ci kifi har Keishla ta kwance igiyar wando. Ta riga ta yi rajistar baɗi.

Talata, 8 ga Afrilu

Shugaban wasanni ya tambaya ko zan ci gaba da aikin. Na ce shekara biyu, amma a rubuta sunan Glorimar kusa da nawa a ƙofar ofis. Don dai ƙofar tana da fili ne.

Da yamma ita ta ja atisayen sababbi, ni ina benci da gahawata. Tana da tsawa yarinyar nan, ban san inda ta samo ba. Gobe zan ja ta gefe in yi mata magana.