Rasuwar Oga Kenechukwu Augustine, Wanda Wuta Ta Ja a Kan Tsani

Shin a cikinku, ku 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari, akwai wanda bai taɓa ce wa mai gyaran wuta, "Yi maza ka hau tun ba a kawo ba"? In akwai shi, ya fito mu gan shi. Sauran kuwa ku daure ku karanta takardar nan har ƙarshe, domin da ku ake.

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Gyaran Wuta ta Fagge da Sabon Gari, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Tasi'u Garba Mai Waya, tana sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, kuma tsohon Mataimakin Shugabanta, Mista Kenechukwu Augustine, wanda aka fi sani da Oga Kene, wanda ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara hamsin da bakwai, bayan wuta ta ja shi yana kan tsani a wani benen shagunan atamfa da ke kusa da Kantin Kwari.

A Sabon Gari aka haifi marigayin, a nan ya yi wayo, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu da ke tinƙaho da Kananci. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan sana'a, kuma da wuya ka bi layi guda daga Kasuwar Sabon Gari zuwa Rijiyar Lemo ba ka wuce gidan da hannunsa ya ja wa waya ba. Shi ya yi wayarin cocinsu, shi ne kuma ya yi na masallacin unguwarmu, ranar da ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da wani ya ce masa ya cire ba. Rabin masu riƙe da filaya a ƙungiyar nan a hannunsa suka koya, har da mai wannan rubutu. In ya ga mutum ya nufi tsani da silifas, sai ya ce, "Ango, biki za ka ne? Sauko ka sa takalmi kafin in kai ƙararka wajen innarka." Mu yi dariya, mu hau da silifas ɗinmu.

Ga abin da ya faru, domin mun gaji da jin ana cewa tsufa ne ya sa ƙafarsa ta zame. An ɗauke wuta tun safe. Kwamitin benen ya kira shi gyaran babbar wayar da ke ba shaguna arba'in wuta. Kafin ya hau, ya zare fiyus daga allon mita ya sa a aljihu, kamar yadda ya saba, don ko an kawo wuta kada ta iso gare shi. Wannan fiyus a aljihunsa aka same shi a asibiti. Sannan ya tsaya a tsakar benen ya ɗaga murya sau ɗaya: "Ana aiki a sama, kada wanda ya tada inji!" Ya hau. Bai yi minti goma ba wani mai shago ya tada janaretonsa, wanda ya haɗa da soket ɗin bango da wayar nan mai kai biyu, wato mai fulogi a kowane ƙarshe, ba tare da makunnin da ke raba wutar inji da ta layi ba. Wutar ta bi bango ta koma babbar waya, ta tarar da hannun Oga Kene a kai.

Ƙungiya ba za ta wanke kanta ba. Babu safar roba a hannunsa, kamar yadda babu ita a hannun kowa cikinmu, saboda wai tana sa gumi, wai ba a jin waya da ita. Ihu ɗaya ya yi a cikin hayaniyar kasuwa, maimakon ya bi shago shago, domin haka muka taso muka ga ana yi. Mu ne muke taɓa waya da bayan hannu alhali abin gwaji na cikin jaka, mu ne muke jingina tsanin ƙarfe a kan tayil mai santsi ba mai riƙewa, muna amsa waya da kafaɗa muna yankan waya da haƙori. Kuma wayar mai kai biyu ba daga sama ta faɗo ba. Wani mai gyaran wuta ne ya haɗa ta, watakila ma da katin ƙungiyar nan a aljihunsa. Wallahi abin kunya ne. Daga yau, duk ɗan ƙungiyar da aka kama ya haɗa irinta, ko ya hau babbar waya bai zagaya ya ga kowane inji da idonsa ba, ya ajiye katinsa.

A madadin Shugaba, Majalisar Dattawa da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayin, Madam Philomena Augustine, da 'ya'yansa mata biyu, Malama Munachi da Ogechi, da 'yan cocinsu, da al'ummar Ibo mazauna Sabon Gari baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya tsaya musu a inda maigida ya saba tsayawa, Ya kare sauran masu hawa tsani.

Da muka je gaisuwa, Madam Philomena ba ta yi mana kuka ba. Ta ce, "'Ya'yana, ana ta gaya wa yaran nan ubansu ne ya yi sakaci. Ni dai ku faɗa mini gaskiya kafin a kai shi gida." To amma tun kafin la'asar ɗin ranar Talatar an ɗauke janareton daga benen, kuma masu shago arba'in sun zama ba wanda ya ji ƙarar inji. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba a ɓoye inji da sunanta.

Ranar Asabar da safe za a tafi da gawa garinsu. Saboda haka muna kira ga Shugaban Kwamitin benen, wanda shi da kansa ya buga waya ya kira marigayin aiki, da ya zo harabar gidan mamacin ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma, a gaban matarsa da 'ya'yansa da jama'ar da za su taru, ya faɗa da bakinsa: injin wa aka tada, kuma wa ya ba da umarnin a fitar da shi? Ba ma son wakili, ba ma son saƙon waya. Alhaji Shugaban Kwamiti, kujerarka tana nan a sahun gaba.

Sa hannu:
Kwamared Huzaifa Ɗanlami Rijiyar Lemo
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Masu Gyaran Wuta ta Fagge da Sabon Gari, Kano