A Buɗe wa Ƙanena Bello Ɗakin Kwamfuta

Zuwa ga Malam Hedimasta na firamaren unguwarmu, mazaɓar Tudun Kaya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da yaranmu? Allah ya ba da lada.

Ni ne Haruna, yayan Bello, yaron nan na aji uku mai toshe kunne idan aji ya ɗauki karatu da ƙarfi. Ban taɓa zaman aji ba, a jikin buhun taki da bayan manyan motoci na koyi boko. In bakina ya yi zafi, a yi mini afuwa.

Na ɗaya, Bello ba aljanu gare shi ba. Likita a Kano ya ce galahanga ce: ba ya son hayaniya, ba ya kallon idon mutum. Na saka masa manhajar koyon karatu a wayata, mai nuna hoton akuya ta ce "a-ku-ya". Wallahi sai ya yi ta danna akuyar nan har caji ya ƙare! Waya ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta san bulala ba. A daminar nan ya karanta wa Inna rubutun jikin gwangwanin madara. Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ta haihu.

Na biyu, kwamfutocin da aka kawo muku bara har da sola. Kun lulluɓe su da leshi kun jera kamar kwanukan amarya, sai baƙi sun zo a yaye a ɗauki hoto. Da na zo roƙo, ka ce sai masu zuwa na ɗaya a jarrabawa ke taɓawa, wai irin su Bello ɓarna za su yi. Haba Malam! Mai ƙoshi ake ƙara wa tuwo, a bar mai yunwa? Yaron da ko takalman masallata ya gani a warwatse sai ya jera su!

Na uku, ga abin da ya sa na rubuto. Da an cire gyaɗa zan tafi cirani, waya kuma tare za mu tafi, gidanmu babu wata. In aka bar shi haka, kafin in dawo baƙaƙen da ya koya sun gudu.

Roƙona, a ware wa Bello da ire-irensa lokaci bayan tashi, sa'ad da makaranta ta yi shiru, malami mai haƙuri ya zauna da su. Ni zan nuna wa malamin manhajar.

Jiya da muka biyo ta makarantar, Bello ya tsaya a bakin ƙofar nan mai kwaɗo, ya ɗora yatsa kan allonta, ya karanta da kansa: "Ɗa-kin Kwam-fu-ta." Sai ya ƙwanƙwasa. Ranka ya daɗe, a amsa masa.

Allah ya ƙara girma, ya raya maka zuri'a.

Wassalam.
Haruna, yayan Bello.