Lila Ba Zogale Ba Ce

Villeurbanne, watan Mayu

Yaya Youssouf,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar aiki, ina gaida Zouera da yara. Yaya sanyin kasuwar Rungis, yaya ƙafar taka? Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina aiko dabino, likita ya hana ta.

Takarda na zaɓa don da rana kana barci, da dare kana wurin aiki, ni kuma ko tari na yi a waya Inna tana ji. Ka san ƙanƙantar gidan.

Ka tuna itaciyar da na dasa a ɗan filin bayan ɗakinmu, shekarar da muka samu gidan nan na ƙasa? Lila ake ce mata. Tun ina aikin shara a Paris nake jin ƙanshinta ta kan shingen mutane, na ce wa raina ranar da na samu ƙasa, ko taku biyu ce, ita zan fara sakawa. Bana shekararta huɗu. Ta maƙwabta duk ta yi fure, tun daga tashar tram, jirgin cikin gari, ake jin ƙanshi. Tawa ganye kawai, kore shar.

Na koma wurin matar da ta sayar mini. Ta tambaya ko tana samun rana, na ce daga hantsi har la'asar. Ta ce ko taki na cika mata, don in ya yi yawa ganye take yi ta bar fure, na ce rabona da taki tun bara waccan. Ta ce ko ina datse ta, na ce ina na ga lokacin. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce wata sai ta shekara biyar, in yi haƙuri. Haƙuri dai, Yaya, kowa shi yake ba ni.

Ka san ba don itace na ɗauki biro ba. Wankin ƙodar Inna sau uku ne a mako. Motar asibiti tana zuwa, amma Inna ba ta jin faransanci, ba ta yarda ta shiga ita kaɗai. In raka ta, in wuce aikina a kantin abincin jami'a in tsaya kan tukwane, in koma in ɗauko ta jiri yana ɗibarta. Maigidana Mounkaila yana kan hanya da babbar mota, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Tun rasuwar Baba da zuwanta nan ban yi barcin da ya ishe ni ba. Uwata ce, ban ƙi ba. Amma taka ce kai ma. Ku yi shawara da Zouera, ko wata uku ne. Akwai wurin wankin ƙoda nan wajenku a Saint-Denis, na bincika.

Allah ya bar zumunci. Ƙanwarka,
Sahadatou

Villeurbanne, watan Oktoba

Yaya Youssouf,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kowa yana lafiya, Allah ya sauke Zouera lafiya. Na ga amsarka, na gane sai ta haihu ta warware. Ban yi fushi ba.

Na gano abin da ke damun lilar, kuma da ban gano ba ya fi mini.

Ran Laraba ciwon kai ya sa aka sallame ni daga aiki da wuri. Na tarar da Inna a bayan ɗaki da wuƙar yankan nama, ta ɗaura zane sama-sama kamar tana garkarta ta Zinder, tana datse kawunan rassan ɗaya bayan ɗaya. Ta gama gefen da ke wajen ƙofa, tana shirin zagayawa. A kan waɗannan kawunan ne furen baɗi yake ɗaure tun bazara, ƴan ƙulle-ƙulle biyu biyu. Ga su nan zube a ƙasa.

Ba ta ma ɓoye ba. Ta ce ai kowace shekara tana yi mata idan sanyi ya kusa, haka ake yi wa zogale don ya yi rassa, ni ce ba na lura. Ta ce itaciyar da ba a miya da ita, ba a shan inuwarta, aƙalla ta cika ido.

Yaya, na ɗaga mata murya. Na ce mata a duk gidan nan abu ɗaya ne nawa ni kaɗai, shi ma ba a bar mini ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a takarda ba. Ta wanke wuƙar, ta mayar inda take, ta shiga ɗaki.

Na ba ta haƙuri bayan magariba, ta ce babu komai, ai gidana ne ba nata ba. Wannan kalmar ta fi mini zagi ciwo. Tun ranar ba ta sake taka filin ba. Da can da safe takan fita ta tsinci ganye, ta yi ta magana da tsuntsaye. Yanzu sai kujera da carbi. Abincinta ya ragu, har ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ni me ya faru. Sai yanzu na lura wannan ɗan filin ne kaɗai inda hannunta yake da aiki a ƙasar nan.

Jiya ita da kanta ta ce in tambaye ka yaushe za ka zo ɗaukarta. To na tambaya.

Ƙanwarka,
Sahadatou

Villeurbanne, ƙarshen Afrilu

Yaya Youssouf,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya mai jego da ɗan baƙonmu Ilyes? Allah ya raya shi. Ka gaida Inna da kyau. Na ji daɗi da ka ce jikinta ya karɓi sabon asibitin, kuma goyon jariri ya sa tana cin abinci. Na san bene hawa na tara ba wurinta ba ne, daga taga sai rufin motoci. Sannunku da ƙoƙari.

Lilar ta yi fure. Gefen bango kawai, wanda wuƙar ba ta kai ba: dunƙule biyar, ruwan hoda mai duhu. Ranar da na gani na zauna a bakin ƙofa da kayan aikina a jiki. Na zaci zan yi murna. Ƙanshin yana nan yadda na san shi, amma babu wanda zan kira ya fito ya gani, Mounkaila yana hanyar Marseille.

Ran Juma'a da muka yi waya, Inna ta tambaye ni itaciyar, karo na farko tun Oktoba. Na ce mata gefen da ta gyara ya yi rassa sosai, ya fi ɗayan cika. Ba ƙarya na yi ba. Na ji ta yi ƴar dariya ta ce ai ta faɗa mini. Maganar fure ban yi ba, kai ma kada ka yi.

Saura maganar da ta fi mini nauyi. Ka ce watan Yuni za ka maido ta. Ɗakinta yana nan a share, ina kewarta, Allah ya sani. Amma tun tafiyarta nake barci har asuba, ciwon kan ya tafi, ranar hutu nakan zauna ba na jiran komai. Ina jin kunyar rubuta wannan, kuma ban goge ba. Idan Zouera za ta iya, ku bar ta wurinku har ƙarshen bazara. Idan ba za ta iya ba, ka faɗa mini ranar da jirgin ƙasa zai iso, zan je tasha.

Allah ya saka muku da alheri. Ƙanwarka,
Sahadatou